Aikin Sauti A Lokacin Bukukuwan Kaka: Yadda Mai Lasifika Zai Tsira Da Kunnensa Da Ƙwanƙwasonsa

Da zarar an kammala girbin masara da dawa a yankin Funtuwa da Malumfashi, aka fara fitar da auduga da waken suya kasuwa, sai kuɗi su shigo hannun manoma, bukukuwa kuma su ɓarke. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Kafur zuwa Ɗandume, da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce ba a ɗaura aure ba. Ga walimar saukar karatu, ga wa'azi, ga maulidi idan watansa ya zagayo, ga taron siyasa idan kakarta ta kama. Duk waɗannan tarukan abu ɗaya suke buƙata kafin komai ya kankama: a zo a kafa lasifika.

Masu kafa ta kuwa galibi matasa ne. Wasu da kuɗin amfanin gonarsu suka sayi sifika biyu da amfilifaya da ƙaramin janareta, wasu kuma yaran gida ne da ke bin maigida suna koyo. Yankin ba baƙon kiɗa ba ne. A Funtuwa Alhaji Mamman Shata ya yi zaman shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999, Dauda Kahutu Rarara kuma ɗan Kahutu ne ta ƙaramar hukumar Ɗanja. Amma kowa mawaƙi yake kallo. Ba a cika waiwayar wanda ya sauke akwatunan tun hantsi, ya wuni a gindin sifika, ya kuma rage shi kaɗai yana naɗe kebul bayan kowa ya watse ba.

Akwai fannin ilimi guda da ke nazarin yadda za a daidaita aiki da jikin mai yin sa: tsayin teburi, nauyin kaya, ƙarfin ƙara, tsawon lokacin tsayuwa. Masana'antu sun daɗe da rungumarsa domin ya rage musu asarar ma'aikata. Mai sauti da ke aiki a ƙofar gida ko filin makarantar firamare ya ma fi ma'aikacin masana'anta buƙatarsa, tunda shi ba wanda zai biya shi ranar da ya kwanta.

Kunne shi ne jarin

Idan amfilifaya ta ƙone ana iya kai ta wajen mai gyara. Kunne ba haka yake ba. A can cikin kunne akwai wata ƴar gaɓa mai siffar dodon koɗi, a cikinta kuma akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, wanda ya mutu kuma ba ya sake tofowa. Ba sabon sani ba ne: tun farkon ƙarni na 18 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta cewa maƙeran tagulla kan kurumce saboda bugun guduma. Duk wanda ya taɓa yin magana da tsohon mai injin niƙa ya san sai an ɗaga murya.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar cewa kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85 a rana. Daga nan lissafin yake tsananta, domin duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu:

Desibel 88, awa 4.
Desibel 91, awa 2.
Desibel 94, awa 1.
Desibel 97, minti 30.
Desibel 100, minti 15.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da nishaɗi, inda ta ce matsakaicin ƙara a wurin kada ya haura desibel 100 idan an auna na tsawon minti 15. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 masu shekaru 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar kiɗa da wuraren shaƙatawa. Wannan ƙa'idar don ƴan kallo aka yi ta, waɗanda za su zo su tafi. Mai sauti kuwa gobe ma yana wani bikin.

Abin da ke ceton mutum a fili shi ne tazara. A sararin da babu bango, duk lokacin da aka ninka nisa daga sifika, ƙara na raguwa da kimanin desibel 6. A ɗauka sifika na fitar da desibel 120 a tazarar mita 1. A mita 2 za a samu 114, a mita 4 kuma 108, a mita 8 ya zama 102, a mita 16 ya sauko 96, sai a mita 32 ya kai 90. Da lissafin NIOSH, wanda ya zauna a mita 4 ya cinye rabonsa na yini cikin ƙasa da minti 3. Wanda ke mita 32 yana da wajen awa biyu da rabi. To sai a duba inda aka saba ajiye mikisa a bukukuwa: a kan benci, jikin sifika, saboda kebul gajere ne. Tsadar dogon kebul ce ke sa mutum ya biya da kunnensa.

Akwai kuma illar da aikin kansa ke fuskanta. Kunnen da ya sha ƙara na awa ɗaya yakan dushe na ɗan lokaci, musamman wajen jin siraran sautuka. Sai mai sauti ya ji kamar kiɗan ya yi sanyi, ya ƙara murɗawa, bayan wani lokaci ya sake ƙarawa. Shi ya sa biki kan fara da sauti mai daɗi bayan La'asar, kafin Isha'i ya koma hayaniyar da tsofaffi ke toshe kunne suna tashi. Maganin wannan shi ne ma'auni, ba kunne ba.

Nan wayar salula ke shigowa. NIOSH tana da manhajar auna ƙara kyauta mai suna NIOSH Sound Level Meter, sai dai a iPhone kaɗai take aiki, domin makirufon wayoyin kamfani ɗaya ya fi sauƙin tantancewa. A Android akwai manhajoji da yawa masu irin wannan aiki, amma lambar da suke bayarwa takan bambanta daga waya zuwa waya, kuma makirufon wasu wayoyin yakan ƙure idan ƙara ta yi yawa, ya nuna ƙasa da gaskiya. Duk da haka suna da amfani wajen kwatantawa. Idan a farkon taro waya ta nuna 92 a inda mai sauti ke tsaye, bayan awa biyu kuma tana nuna 99 a wuri ɗaya, to hannu ne ya yi ta hawa ba a sani ba.

Abin toshe kunne na soso, irin wanda ake murzawa a tura ya kumbura a ciki, yana da araha, kuma ya dace da lokacin da ba a buƙatar tantance sauti, kamar tsayawa kusa da janareta ko gyara wani abu a gaban sifika. Akwai na mawaƙa, mai ɗan mataci a ciki, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dagula sautin ba. Shi ya fi dacewa da zaman mikisa. Audugar da ake cusawa, duk da arharta a Funtuwa, kariyarta kaɗan ce ƙwarai.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an tashi yake faruwa. An wuni cikin ƙara, a hanyar komawa gida kuma sai a toshe kunne da iyafis a ƙure waƙa ko a shiga TikTok. Kunne ba ya bambance ƙarar aiki da ta nishaɗi, jimilla yake tarawa. Daren da aka yi aiki, dare ne na barin kunne ya huta. Idan kuwa mutum ya kwana ya tashi kunnensa bai daina ƙugi ko wani siririn kuka ba, ko ya lura yana jin maganar mutane amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin taro, lokacin gwajin ji ya yi. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ji da ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda kuwa ba abin jira ba ne, a nemi likita nan take.

Ɗaga sifika ya fi ƙara mata wuta

Mutane da yawa sun ɗauka idan na baya ba sa ji, amfilifaya ce ta yi kaɗan. Lissafin bai goyi bayan haka ba. Ninka ƙarfin amfilifaya, daga wat 500 zuwa 1,000, desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninku sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfin wuta ninki goma. Abin da ke hana na baya ji sau da yawa jikin mutanen gaba ne: sifikar da aka ajiye a ƙasa ko kan benci tana harba siraran sautuka cikin ƙirjin sahun farko, su kurumce, na baya kuma su samu dum-dum kawai. Idan aka ɗora ta kan sanda har ƙahonta ya haura kawunan jama'a, aka ɗan sunkuyar da ita, magana za ta isa nesa ba tare da an taɓa maɓalli ba. Manyan akwatunan bes su ne ke zama a ƙasa.

A babban fili, irin na wa'azi ko taron siyasa, gara a ƙara wasu sifikoki a tsakiyar jama'a da a ƙure na gaba. Sai dai a nan akwai tarko. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska, saƙon da ke bin kebul kuwa nan take yake isa. Sifikar da ke mita 30 daga dandamali za ta riga sautin gaba isa kunnen na kusa da ita, sai a riƙa jin maganar malam sau biyu. Ana gyara wannan da jinkirta ta tsakiya da kimanin milisakan 3 a kan kowace mita, wato wajen milisakan 87 a mita 30. Mikisocin dijital suna da wurin saka wannan lamba.

Game da kukan nan mai tsinka kunne da masu sana'ar ke kira fidbak: yana tashi ne idan makirufo ya ɗauki sautin sifika ya mayar mata, ita kuma ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagaye. Sifika ta kasance a gaban mai magana, tana ba shi baya. Makirufon hannu irin Shure SM58, wanda ke kasuwa tun 1966, an ƙera shi ne ya ji gaba ya ƙi jin baya, amma da zarar mawaƙi ko sanƙira ya dunƙule kansa da tafin hannu, wannan siffar ta lalace, kuka kuma ya taso. Faɗa wa mai magana haka cikin ladabi kafin a fara ya fi a yi ta kokawa da maɓallai daga baya.

Ƙwanƙwaso

Matashin da ya taso a gona yana ɗaukar buhun taki mai kilo 50 yakan raina akwatin sifika. Amma buhu yana lanƙwasa ya kwanta a kafaɗa, akwati kuwa sandararre ne, faɗinsa na tilasta hannu ya yi nesa da jiki, nauyin maganaɗisun da ke ciki kuma ya karkata gefe ɗaya. A lissafin NIOSH, kilo 23 ne iyakar abin da aka ba da shawarar mutum ɗaya ya ɗaga, shi ma idan kayan na manne da jiki, a daidai ƙugu, ba tare da murɗa baya ba. Wato bai kai rabin buhun taki ba. Akwatin bes mai inci 18 yakan wuce wannan nesa.

Ɗaga irin wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya na ƙirgawa don a tashi tare. A tsuguna da gwiwa, baya a miƙe, a jawo kayan jikin ciki, idan za a juya a juya da ƙafa. Wuri mafi haɗari shi ne saukewa daga bayan a-kori-kura, inda ake miƙa hannu a jawo akwati ana murɗe da ƙugu. Katako mai kauri da aka jingina ya zama gangara yana kawar da wannan, baro ko amalanke kuma ya ƙarasa sauran tafiyar idan lungu bai shigar mota. Ɗora sifika kan sanda ma mutum biyu ne, a kafa ƙafafun sandar a buɗe sosai, a danne su da buhun yashi idan iskar hunturu na kaɗawa, domin yara ne ke yawo a gindinta.

Mikisa kuma ta hau teburin da ya kai daidai gwiwar hannu idan mutum na tsaye. Awa biyar a duƙe kan benci yana cin baya da wuya fiye da yadda ake zato. A samu kujera mai tsayi a riƙa musanya zama da tsayuwa, a samu inuwa da ruwan sha, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Masu aikin tafsirin azumi gara su yi jigilar kaya masu nauyi da sassafe.

Mikisa a cikin aljihu

Babban sauyin da aka samu a wannan sana'a shi ne mikisar dijital da ake sarrafawa da waya ko tablet. Behringer X32 da ta fito a 2012 ita ce ta karya farashin irin waɗannan na'urori, daga baya aka samu ƙanana irin XR12 da XR18 na kamfanin, da jerin Ui na Soundcraft, waɗanda ba su da maɓallan turawa sam, akwati ne kawai mai ramukan kebul. Na Soundcraft ta burauzar waya ake shigarsu, na Behringer kuma ta manhajarsu ko ta Mixing Station, wadda ke aiki da mikisoci na kamfanoni daban-daban.

Amfanin wannan ga lafiyar jiki a bayyane yake. Akwatin na zaune kusa da dandamali, mai sauti kuma yana can cikin jama'a, a mita 20 ko 30, yana jin abin da suke ji. Babu jan doguwar kebul mai nauyi, babu zama jikin sifika. Ana kuma iya adana saiti: na wa'azi daban, na masu kalangu da ƴan amshi daban, na di-je daban. Aikin da kan ci rabin awa sai ya koma danna suna ɗaya da ƴan gyare-gyare.

Amma tana da nata sharaɗin. Wi-Fi ɗin da ke aiki lafiya lau lokacin gwaji, fili ba kowa, yakan fara yankewa idan mutum ɗari biyar suka iso kowa da wayarsa, wasu ma sun kunna hotspot, saboda zangon gigahaz 2.4 ya cunkushe. A haɗa rauta ta daban mai gigahaz 5, a ɗaga ta sama da kawunan mutane, a sa mata kalmar sirri. A tanadi fawa-bank da waya ta biyu da ke da manhajar. Wayar da ke kunna kiɗa kuma ta zama daban, a sa ta a yanayin jirgin sama, waƙoƙin a sauke su tun daga gida. Kiran waya da ya faɗo ta lasifika ana tsakar shigowar amarya abin kunya ne da ake daɗe ana tunawa. A haɗa ta da kebul maimakon Bluetooth, wanda ke yankewa idan aka gitta ko aka yi nisa.

Wanda har yanzu ke kan mikisa ta gargajiya ma wayar na da amfani gare shi. Ya ɗauki hoton fuskar mikisar bayan ya gama saiti mai kyau, ya manna salatif a ƙasan kowane layi ya rubuta na wane ne.

Wuta da janareta

Amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Idan aka kunna mikisa alhali amfilifaya na kunne, bugun da ke fita yana iya fasa ƙahon sifika. Janareta kuma a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, kuma kada a cika shi maƙil, domin bes na fizgar wuta ne a bugu-bugu. Wayar wuta siririya mai tsawo tana zubar da ƙarfi a hanya, wadda aka bari a naɗe a kan gangarta tana ɗaukar kaya mai yawa kuwa zafi take yi har ta narke, don haka a warware ta duka.

Janareta ya zauna a sarari, aƙalla mita 6 daga rumfa ko ɗaki ko zaure, hayaƙinsa na fuskantar waje. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. Ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi. Idan mai magana ya ce makirufo na ɗan jan leɓensa, ba abin dariya ba ne: alama ce wuta na zirarowa jikin kayan kuma babu hanyar da za ta bi ta shige ƙasa. A kashe, a bincika. Da damina kuwa, hadari na tasowa a sauke sandunan sifika.

Tattara kaya

Matsalar tsaro ta sa tafiyar dare a wasu hanyoyin kudancin Katsina ba abin wasa ba ce, don haka saurin tattara kaya ya wuce batun gajiya. Saurin kuwa tun wajen lodi yake farawa: abin da za a fara buƙata, wato wayar wuta da sanduna, shi ne zai shiga mota a ƙarshe. Kebul na makirufo a jaka ɗaya, na sifika a wata, na wuta a wata, kowanne da salatif mai launi a bakinsa da ke nuna tsawonsa. Jerin kayan na cikin manhajar rubutu ta waya, ana duba shi sau biyu, wajen fita da wajen dawowa.

Naɗe kebul a gwiwar hannu kamar igiyar guga yana murɗe siraran wayoyin ciki har su tsinke, shi ne asalin ƙarar ƙas-ƙas da ke tasowa ba a san daga ina ba. Yadda ƙwararru ke yi shi ne zagaye ɗaya a naɗa kamar yadda aka saba, na biyu a juya hannu ciki kebul ya shigo ta ƙarƙashi, haka bi da bi. Kebul ɗin da aka naɗe haka, idan aka riƙe baki ɗaya aka jefa sauran, miƙewa yake yi ba ƙulli. Wanda ya yi gardama a wurin aiki a ɗaura masa ƙulli a baki a ware shi, kada ya koma cikin masu lafiya. A cire batiran makirufo marar waya kafin a rufe akwati. Kashegari kuma, musamman da hunturu, a bi ramukan iskar amfilifaya da busasshen burushi a kakkaɓe ƙurar da ta shaƙa, domin ita ce ke toshe fanka har na'urar ta yi zafi ta ɗauke ana tsakar taro.